Wa Ya Tsaya Maka?

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, a zamanin da in baƙo ya sauka garin Hausa, ba a cika damuwa da sunansa ba, gama suna kowa na iya laƙaba wa kansa. Abin da a kan tambaya shi ne, "Baƙon wa?" In ya ce na wane ne, aka kuwa san wanen, to, ya sami wurin shimfiɗa tabarma. Fataken da su ke zuwa Gwanja sayen goro, in sun isa Salaga gidan fatoma su ke sauka. Shi zai ba su masauki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da abokan ciniki, in kuwa an ba da bashi shi ne mai lamuni. Har yau in ka yi sammako ka je kasuwar Farin Gada nan Jos sa'ad da a ke sauke tumatir da kabeji, ko ka je Kara ta Bukuru ranar da shanu suka iso, za ka ga mai kaya bai san mai saye ba, mai saye bai san mai kaya ba, amma dukansu sun san dillali, ciniki kuwa ya faɗa.

Abin da ya sa na tuno da wannan al'ada shi ne wani ɗan maɓalli da ku ke gani kullum a wayoyinku in za ku shiga wani shafin intanet, wanda ke cewa ku shiga da Google, ko ku shiga da Facebook. Galibinmu dannawa kawai mu ke yi mu wuce. Ni kuwa aiki ya kai ni na kafa irinsa da hannuna, na ga cikinsa da bayansa, na kuma tarar fatoma ne sak, sai dai ba ya da gemu. Ina so in bayyana muku yadda ya ke aiki, da inda amfaninsa ya tsaya, domin da yawa cikinku za ku tarar da irin wannan aiki yana jiranku a makarantun da za a tura ku.

Ni malamin Lissafi ne a wata makarantar sakandare ta al'umma a Dutse Uku, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, a kwalejin nan kuma na koyi aikin malanta. Da ya ke an san ina ɗan taɓa kwamfuta, duk abin da ya shafi na'ura kaina a ke ɗora shi. Ni da wani tsohon ɗalibinmu wanda ya karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Jos muka haɗa wa makaranta wani ɗan shafi, inda malamai za su riƙa shigar da makin jarrabawa, iyaye kuma su duba sakamakon 'ya'yansu ba sai sun jira kati ya biyo ta hannun yaro ba. Kowa ya san abin da kan sami kati a hanya in jan biro ya yi yawa cikinsa.

Da farko kowane malami da kowane uba sunansa da kalmar sirrinsa, a wurinmu a ke ajiye su. Ƙarshen kowane zango sai layi ya kafu bakin teburina, "Malam, na manta." Wani lambar wayarsa ya sa, wani shekarar haihuwarsa, wani kuwa ya rubuta tasa cikin bangon rajista inda kowane monita ke gani. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amana. Mutane kalma guda su ke sa wa ko'ina, ta imel, ta banki, ta makaranta. In ɓarawo ya fasa ɗan shafinmu ya kwashe, ba maki kaɗai ya samu ba. Kamfanin Yahoo, da duk ƙarfinsa da injiniyoyinsa, an fasa shi a 2013, a 2017 kuma ya bayyana cewa abin ya shafi dukan asusun da ke hannunsa, biliyan 3. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muka ce gara mu fid da kanmu daga ajiyar kalmomin mutane, mu bar wa waɗanda ke da masu tsaro dare da rana.

Wannan dabara ba tsohuwa ba ce ainun. Da can in wani shafi yana son ya ɗauko sunayen abokanka daga imel ɗinka, sai ya ce ka ba shi kalmar sirrinka ɗungum, watau ka miƙa wa baƙo mabuɗin gidanka duka domin ya ɗebi ruwa a randa. Waɗansu masana, cikinsu har da Blaine Cook wanda ke aiki a Twitter a lokacin, suka ga wannan ba daidai ba ne, suka tsara wata ƙa'ida mai suna OAuth, ta fito a Disamba 2007. Aka gyara ta, OAuth 2.0 ta fito a Oktoba 2012. Ita wannan ƙa'ida ta ba da izini ce. A Fabrairu 2014 aka ɗora wata bisanta mai suna OpenID Connect, wadda aikinta shaida, watau faɗin ko wane ne ya zo. Facebook ya fara ba da tasa ƙofar tun 2008, Apple kuwa sai 2019. Mu ta Google muka zaɓa, domin galibin wayoyin unguwarmu Android ne, mai irin wannan waya kuwa da wuya a same shi ba shi da asusun Google, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga yadda aikin ya ke. Da fari sai ka je ka yi wa shafinka rajista wurin Google, ka faɗi sunansa, ka kuma rubuta adireshin da za a riƙa komo da mutane in an gama shaidarsu. Adireshin nan tilas ya zama daidai, harafi bisa harafi, in an sami saɓani ko na ɗigo ɗaya ne ba za a komo da kowa ba. Sa'an nan a ba ka abu biyu, lambar shaidar shafinka wadda kowa na iya gani, da wani mabuɗin asiri wanda ba ya barin babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta.

To, malami ya zo ya danna maɓalli. Shafinmu sai ya aika shi gidan Google, ɗauke da lambarmu, da jerin abin da mu ke roƙo a faɗa mana game da shi, da wata alama ta haruffa barkatai da muka ɗaura masa, kamar yadda mai kaya ke yi wa buhunsa alama a tasha domin ya gane shi in mota ta iso. A can gidan Google zai sa kalmar sirrinsa, mu ba mu gani. Google ya nuna masa cewa shafin makaranta kaza yana son sunanka da imel ɗinka, ka yarda? In ya yarda, sai a komo da shi wurinmu da alamar nan tamu, da wani ɗan tikiti na tafiya guda wanda ba ya wuce 'yan mintoci ya mutu. Mu duba alama, in tamu ce, sai kwamfutarmu ta ɗauki tikitin ta haɗa da mabuɗin asiri ta kai wa Google ta bayan gida. Shi kuma ya ba mu takardar shaida mai hatiminsa. Mu duba hatimin ko na gaske ne, mu duba ko mu aka rubuto wa, mu duba ko wa'adinta bai wuce ba. Cikin takardar akwai wata doguwar lamba wadda ba ta sakewa ko da mutum ya sake suna ko adireshi, ita ce mu ke riƙewa. Duk wannan kai da komowa, in layi na da kyau, bai fi ƙiftawar ido biyu uku ba.

Ranar da na yi wannan bayani a ɗakin malamai, wani dattijo cikinmu, wanda ya koyar da iyayen waɗansu ɗalibanmu na yanzu, ya saurara har na gama, sa'an nan ya cire tabarau ya ce, "Malam ƙarami, ni fa ban gane ba. Tun ba a haife ka ba na ke riƙe da alli a unguwar nan. Yanzu sai wani kamfani na Amurka ya shaide ni kafin in rubuta makin yaran da na koyar? Ina ya san ni?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, bai san ka ba ko kaɗan. Iyakar abin da zai iya faɗi shi ne, mai riƙe da asusun nan jiya shi ne ya komo yau. Cewa kai ne malamin aji kaza, wannan mu za mu faɗa."

Ya ce, "To, in haka ne da sauƙi. Ku dai kada ku ba shi rajista."

Maganar dattijon nan ita ce kan zancena duka. Shaida daban, izini daban. Duk mai asusun Google a duniya, ko yana Ikko ko yana Indiya, in ya danna maɓallinmu za a komo mana da shi da takarda mai hatimi na gaske, gama ba ƙarya ya yi ba, asusunsa ne. Wanda ya kafa maɓalli ya tsaya nan, ya buɗe ƙofar makarantarsa ga duk mai wucewa ke nan. Saboda haka muka yi tamu rajista. Sabon malami sai ya zo ofis da ƙafarsa, shugaban makaranta ya gan shi, ya danna maɓallin a gabanmu, sa'an nan mu ɗaure doguwar lambar nan da sunansa da azuzuwan da ya ke koyarwa. Wanda lambarsa ba ta cikin rajista, kome kyan hatiminsa, sai shafi ya ce masa ya zo makaranta. Ran da malami ya bar aiki kuma mu kan share shi nan take, gama Google bai san an yi masa canji ba, zai ci gaba da shaidarsa har abada.

Abu na biyu da na gani, shi fatoman nan asusu ya sani, bai san hannun da ke riƙe da waya ba. Da muka zo ɗaure asusun iyaye sai muka tarar da yawa ba su suka buɗe nasu ba. Wani mai sayar da waya ne ya buɗe masa ranar da ya saya, ya ƙirƙiro suna da kalmar sirri, bai ko rubuta masa ba. Wani a shagon intanet aka buɗe sa'ad da babban ɗansa zai yi rajistar JAMB, lambar wayar mai shagon ce a ciki, shagon kuwa ya daɗe da tashi. Wata uwa ta zo ta ce mini, "Malam, wayar ta maigidan ce, shi kuwa direba ne, yana hanyar Fatakwal, sai bayan sati biyu." A wani gidan kuma yaron da a ke son a duba sakamakonsa shi ne kaɗai ya iya wayar, watau an ba kura ajiyar nama.

Har wa yau asusun nan galibi rataye ya ke da layin waya, ta nan a ke aiko da lambar farfaɗo da shi in an manta kalma. Layi kuwa ba gado ba ne. In ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sake sayar da lambar ga wani. A Disamba 2020 gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar NIN, a 2024 kuma aka rufe layuka masu yawa da ba a haɗa ba. Wanda layinsa ya tafi, wayarsa kuma ta faɗa ruwa, bai san kalmarsa ba, to, asusunsa ya yi nisa. Saboda haka muka mai da ranar ɗaure asusu ta zama ranar karatu. Kowa ya zo sai mu zauna da shi ya sake kalmar sirri da kansa, ya cire lambar mai shago ya sa tasa, ya sa wa wayarsa makulli, mu kuma nuna masa yadda zai duba adireshin da ke sama kafin ya rubuta kome, domin 'yan damfara kan zana shafi mai kama da na Google su kafa tarko.

Abu na uku, roƙo. Sa'ad da ka ke kafa maɓallin nan, kai ke zaɓen abin da za ka roƙa. Kana iya roƙon suna da imel, kana kuma iya neman a buɗe maka jerin abokan mutum, ko kalandarsa, ko takardun da ya adana. Mutanenmu kuwa ba safai su kan karanta abin da aka nuna musu ba, da sun ga wurin yarda sai su danna. A 2018 duniya ta ji labarin kamfanin Cambridge Analytica. Wata 'yar manhajar tambayoyi ce, wadda mutum wajen 270,000 suka shiga ta ƙofar Facebook, amma da ya ke ƙa'idar wancan lokaci ta yarda a kwashi bayanan abokan wanda ya shiga, Facebook da kansa ya ce abin zai iya kai mutum miliyan 87. Mu suna da imel kaɗai muka roƙa. Abin da ba ka karɓa ba, ba a sace shi a hannunka. Ku tuna kuma shi fatoma ba don Allah kaɗai ya ke yi ba. Ba ya karɓar kwabo wurinmu, amma duk sa'ad da mutum ya shiga, ya san wane ya je shafi kaza, rana kaza. La'adarsa ke nan, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Game da yara kuwa ba mu buɗe musu wannan ƙofa ba sam. Ƙa'idar Google ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya riƙe asusu shi kaɗai ba tare da kulawar iyaye ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yuni 2023, ita ma ta ce in za a nemi izini bisa bayanan yaro, wurin iyayensa ko waliyyinsa za a nema. Malamin da ya tara aji ya ce kowa ya ƙara wa kansa shekaru domin a sami asusu, ƙarya ya koyar a darasin farko.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. Ƙofar aro, mai ita na iya rufewa, wani ma na iya rufe masa. Ran 14 ga Disamba 2020 na'urar shaida ta Google ta tsaya wajen minti 45, mutane a duniya duka suka kasa shiga. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook ya ɗauke wajen sa'a shida. Nan gida kuwa gwamnati ta dakatar da Twitter, wanda a ke kira X tun 2023, daga 5 ga Yuni 2021 har 13 ga Janairu 2022, wata bakwai da 'yan kwanaki. Duk shafin da ya dogara da wannan ƙofa ita kaɗai, mutanensa na Nijeriya sun tsaya waje.

Mu mutanen Dutse Uku ba sai an yi mana dogon bayani bisa hasarar shaida ba. Rikicin da ya tashi ran 17 ga Janairu 2010 daga unguwarmu ya faro. Gidaje sun ƙone, na Musulmi da na Kirista, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma kiyaye gaba. Bayan ƙura ta lafa, waɗanda suka tsira da ransu suka tarar takardar haihuwa, da ta gama makaranta, da ta fili, duk sun zama toka. Abin da ya taimaki da yawa shi ne mutanen da suka san fuskarsu, mai unguwa, da liman, da fasto, da tsohon hedimasta wanda ya buɗe tsohuwar rajista ya ce, "I, ɗalibina ne, ga sunansa, ga shekarar da ya shiga." Wannan irin shaida ba kamfanin da zai iya ba da ita. In asusunka ya ɓace ba ofishin da za ka je a Jos ka ce a dubi fuskarka, tambayoyin na'ura za ka amsa, in ka kasa shi ke nan.

Don haka muka bar ƙofa ta biyu. Gida biyu maganin gobara. Wanda asusunsa ya ɓace, ko ba shi da shi tun farko, sai ya zo ofis, a gane shi, a ba shi lamba ta wucin gadi, ko a kwance tsohon asusu a ɗaure sabo, makinsa da na 'ya'yansa na nan ba abin da ya taɓa su, gama da sunansa na rajistarmu aka ɗaure su. Katin takarda ma ba mu bari ba, uwar da wayar gidanta ke hanyar Fatakwal tana karɓar nata a hannu. Kowane ƙarshen zango kuma mu kan buga makin duka a takarda, shugaba ya sa hannu, a sa cikin kabad a kulle.

Kada wani ya ce na kushe abin. Layin "na manta" ya ragu ƙwarai, ba ma kwana da fargabar kalmomin mutane a hannunmu, dattijon nan kuwa yanzu shi ke fara gama shigar da makinsa. In za a sake, zan sake kafa maɓallin.

Amma ku da za ku fita bana ko baɗi, in aka ce ku kafa irinsa, ko aka kawo wani ɗan kwangila ya kafa, ku yi masa tambaya huɗu kafin a biya shi. Wane ne ke iya shiga, duk mai asusu ko wanda ke cikin rajistarmu? Me muka roƙa game da mutane, kuma me za mu yi da shi? Ina mabuɗin asiri ya ke, da sunan wa kuma aka yi rajistar shafin, na makaranta ko na ɗan kwangila? In ƙofar nan ta rufe ranar da a ke ba da sakamako, ta ina za a shiga? In ya amsa da kyau, madalla. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku tukuna.

An koya mana a kwalejin nan cewa aikin farko na malami kowace safiya shi ne kiran suna, ya ɗaga kai ya ga mai amsawa. Na'ura ta ɗauke mana tsaron ƙofa, mun gode, amma sanin mutanenmu yana wuyanmu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ba garinmu zaman lafiya, amin.